Hunturu Ba Ya Ɓata Mota, Asirinta Yake Tonawa

Ina gaida na cikin gida, ina gaida na kan hanya. Gaisuwa ta musamman ga direbobin manyan motoci da yaransu. Wataƙila yanzu haka wani yana zaune a gaban mota, ya naɗe kai da rawani, ya riƙe kofin shayi da hannu biyu, yana jin mu. Sannunku da hanya. Yaya ɗari?

Yau sharhinmu a kan motar gas ne da sanyin hunturu.

Mu da ke kwana a nan Kurmin Sarki da sauran unguwannin Suleja, akwai wata ƙara da muka sani ta asuba. Kana shirin fita masallaci, sai ka jiyo wata babbar mota tana gurnani. Kik ya ja, ya ja, ya yi shiru. A ɗan dakata, a sake murzawa. Can sai ta yi tari, ta kama, farin hayaƙi ya turnuƙe wuri. Wata kuwa har rana ta take ba ta tashi ba. Idan ka tambayi direban, amsar ɗaya ce. Zai ce maka sanyi ne ya hana ta.

To, ga maganar da nake so mu riƙe tun daga farko. Hunturu ba ya ɓata mota, asirinta yake tonawa. Duk abin da aka ɓoye tun damina, duk gyaran da aka ce sai an dawo daga Legas, safiyar hunturu ce take bankaɗo shi. Zan sake faɗa, don a kan wannan za mu yi ta zagayawa. Hunturu ba ya ɓata mota, asirinta yake tonawa.

Wata uwar gida za ta ce, ni da ba ni da ko keke, ina ruwana da motar gas? Hajiya, da ruwanki. Dubi inda Allah Ya ajiye garinmu. Motar da ta taso daga Kano ko Zariya za ta kudu, ta nan take bi, ta Tafa, ta wuce gindin Dutsen Zuma, ta faɗa Zuba. Mai zuwa Minna da Bida ya karya ta mahaɗar Dikko, ya nufi Lambata. Ga tankokin mai a Maje, ba dare ba rana. Kuma lokacin sanyi shi ne lokacin lodi. An gama girbi. Hatsi na fitowa daga Dawanau, tumatir daga Kadawa, albasa daga Aliero, shanu daga Maigatari da Illela, doya daga ƙauyukanmu na Jihar Neja. Idan motar tumatir ta ƙi tashi ta kwana biyu a bakin titi, kayan sun ruɓe. Asarar kuwa a cefanenki za ta ƙare. Saboda haka wannan magana ta kowa ce.

Bari mu fara da tambaya ta farko. Me ya sa motar gas ta fi motar fetur jin sanyi?

Motar fetur tana da fulogi. Shi ke ba da tartsatsi, fetur ya kama. Injin gas ba shi da wannan. Shi da zafin iska yake aiki. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda, ya matse ta ƙwarai, har ta yi zafin da ya wuce digiri 500. A daidai lokacin nan nozul ya fesa gas, gas ya kama da kansa. Wannan ita ce dabarar Rudolf Diesel, Bajamushen da injinsa ya yi aiki a garin Augsburg a shekarar 1897. Sunansa ne ma ya bi man, ake ce masa dizal, mu kuma a tasha muke ce masa gas.

Kun ga ke nan, zafi shi ne ashanar injin gas. Da asubar hunturu ƙarfe ya kwana yana shan sanyi. Zafin da fistin ya tara, sai bangon silinda ya tsotse shi. Idan inji lafiyayye ne, zafin da ya rage ya isa, mota ta tashi. Idan kuwa ringi ya cinye, iska na tsiyayewa ta gefe, zafin ba ya kaiwa. Gas ya shiga, ya fito ta salansa bai ƙone ba. Wannan shi ne farin hayaƙin da kuke gani. Idan ya ɗauke bayan ɗan lokaci, da sauƙi. Idan ya daɗe yana tuƙuƙi, mota ce take gaya maka ba ta da lafiya.

Yanzu bari mu ɗan yi tafiya, mu ga inda sanyi yake na gaske, don mu auna namu.

A Saberiya ta ƙasar Rasha akwai birnin Yakutsk. A watan Janairu, sanyin digiri 40 ƙasa da sifili ba abin labari ba ne a can. Kogin Lena kan daskare, har manyan motoci su riƙa bi ta kan ƙanƙararsa da cikakken lodi. Haka a Alaska ta Amurka, direbobi na bin hanyar Dalton suna kai kaya rijiyoyin mai na can ƙuryar arewa. A irin waɗannan wurare gas ɗin kansa ne ke daskarewa. A cikin gas akwai wani abu mai kama da kakin zuma. Uwar gida ta san yadda manja ke yi da safiyar hunturu, ya daskare a kwalba, a ce ya yi barci. To haka gas ke yi idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili sosai. Ya fara yin gauraye, kakin ya toshe filta, inji ya mutu a tsakiyar daji. Mutuwar inji a can kuwa tana iya zama mutuwar direba.

Saboda haka suke da gas na musamman na lokacin sanyi, mai sirkin kananzir, wanda ake haɗawa bisa ƙa'ida tun daga matata. Suna da na'urar ɗumama inji da ake jona wa wutar lantarki da dare. Wasu direbobin Saberiya kuwa ba sa kashe mota ko kaɗan sai sun dawo gida, ko da tafiyar ta makonni ce. Dole ce ta sa su.

Mu fa? Mu gode wa Allah. Sanyin Suleja bai kai ko kusa da inda gas zai daskare ba. Kano ta fi mu sanyi. Jos ta fi Kano. Amma duk ba su kai can ba. Cikin 'yan'uwanmu Hausawa, waɗanda suka ɗanɗana abin da ya yi kusa da wancan su ne direbobin Nijar masu keta Sahara, daga Agadas zuwa Dirku da Bilma. A can, daren Janairu kan sauko har kusa da inda ruwa ke ƙanƙara. Mu namu ɗari ne mai busar da leɓe da fasa ƙafa. Bai isa ya kashe lafiyayyen inji ba.

To idan haka ne, me ke hana motocinmu tashi? Nan muka zo kan asiran da hunturu ke tonawa. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Asiri na farko, batir. Sanyi na rage wa kowane batir ƙarfi, ko sabo ne. Ga shi kuma a daidai lokacin ne inji ya fi nauyin juyawa. Sabon batir yana da rarar ƙarfi, ya ba da, ya saura. Tsohon batir da ake ta lallaɓawa tun bazara ba shi da rara. Da zafi yana iya yaudararka. Ranar da ɗari ya sauka, ranar zai nuna maka shekarunsa. Wani lokacin ma batir lafiyarsa lau, kansa ne ya yi farin gari, ko waya ta saki, ko cajin mota ba ya kawowa yadda ya kamata. Aikin minti kaɗan ne a wurin mai gyaran waya. Amma sai an bari an kwana a Tafa ana neman wanda zai ba da aron batir.

Asiri na biyu, baƙin mai. Shi ma sanyi na sa shi kauri. Ku dubi galan ɗin man kirki, za ku ga an rubuta lamba kamar 15W-40. Harafin nan na tsakiya yana nufin lokacin sanyi ne. Ma'anarsa, an haɗa man yadda zai gudana da safe, kuma ba zai tsinke da rana ba. Amma man da ya wuce lokacin juyewa, ko wanda aka sayo a kwalba ba a san asalinsa ba, da asuba kamar kunu yake. Kik na fama, mai bai hau sama ba, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. Sai kuma direba ya ƙara da nasa. Mota na kamawa ya taka totur har ƙasa, wai yana ɗumama ta. Malam direba, wannan ba ɗumamawa ba ce, yankan inji ne. Ka bar ta ta yi 'yan mintoci a hankali. Ka dubi gejin mai ya hau. Ka dubi gejin iska ya cika. Sannan ka ɗaga sannu, ba tare da ka matsa mata ba, har ta ɗauki zafinta.

Asiri na uku, gas ɗin kansa. Tun shekarar 2022 kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya sani. Wannan ya sa wasu ke neman na araha a jarka, a bakin hanya. Wani an sirka shi da kananzir ba bisa ƙa'ida ba. Wani da ruwa a gindinsa. Wani da datti. Gas yana shafa wa famfo da nozul maiƙo yayin da yake wucewa. Idan aka tsinka shi, wannan maiƙo ya ragu, nozul ya lalace, ya daina fesawa ya koma ɗiga. Da rana, inji na da zafi, zai haɗiye haka nan. Da asubar hunturu ba zai karɓa ba. Araha ba ta ado, jama'a. Abin da ka rage a jarka, za ka biya ninkinsa a wurin mai gyaran famfo.

Asiri na huɗu shi ne wanda ya fi zama namu, wato ƙura. Mutanen Saberiya na fama da ƙanƙara, mu kuwa da ƙura muke fama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa. Mafi yawan ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar hoda. Wannan hodar da kike sharewa a kan tebur, Hajiya, ita injin tirela ke shaƙa dare da rana. Abin da ke tsakaninta da cikin inji filtar iska ce kawai. Idan ta toshe, mota ta rasa numfashi, ta yi baƙin hayaƙi, ta sha gas, ta kasa hawa tudu. Sai ka ga yaron mota ya ciro ta yana buga ta a jikin taya. Bugun nan yana tsaga takardar, ko ido bai gani ba. Wani ma cire ta yake yi gaba ɗaya. Daga ranar ƙura ta samu ƙofa. Ta haɗu da mai, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ringi da silinda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hunturun bana ya ci ringi, hunturun baɗi mota ta ƙi tashi, a ce sanyi ne.

Akwai ƙaramin asiri na biyar, wannan kuwa na kanikawa ne. A hanyar ruwan inji akwai wani ɗan ƙarfe mai tsaron ƙofa, ana ce masa tamostat. Aikinsa ya hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi ɗumi. Da yawa cikin kanikawanmu cire shi suke yi su jefar, wai na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu. Ranka ya daɗe oga bakanike, a sake duba wannan al'ada. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, balle a daren hunturu. Inji mai sanyi kuwa ya fi shan gas, ya fi tara baƙi, ya fi saurin tsufa. Idan mota na zafi, a nemi dalilin. Sau da yawa ƙura ce ta toshe fuskar lagireto, ko ruwan rijiya ya tara tsatsa a ciki.

Kun ji su. Batir, baƙin mai, gas, filta, da mai tsaron ƙofar ruwa. A cikinsu wanne ne hunturu ya ƙirƙira? Babu. Duk ya tarar da su ne. Hunturu ba ya ɓata mota, asirinta yake tonawa.

Yanzu, masu sauraro, mu juya ga ɓangaren da ya fi damuna. Ƙin tashin mota asarar lokaci ce da kuɗi. Dabarun da ake yi don a tilasta mata tashi, su ne ke cin rai.

Dabara ta farko, hura wuta a ƙarƙashin mota. A tara kara ko tsumma, a cinna, wai a ɗumama tanki ko gindin inji. Mai yin haka zai ce maka gas ba ya kamawa kamar fetur. Gaskiya ne, gas ya fi fetur haƙuri. Amma ƙarƙashin tsohuwar mota cike yake da maiƙo. Ga robobi, ga wayoyi, ga tiyo. Kuma wa ya tabbatar maka abin da ke cikin tankin nan gas ne zalla? Ga iskar hunturu a bushe, tana jiran abin da za ta hura. Mun riga mun ce gas ɗinmu ba ya daskarewa. To wutar me ake hurawa?

Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labarin wuta da mai. Ranar Asabar, 18 ga Janairun 2025, tankar fetur ta faɗi a mahaɗar Dikko. Jama'a suka taru. Wuta ta tashi, mutum fiye da 80 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ba sanyi ne ya jawo wannan musiba ba, kuma ba motar da ta ƙi tashi ba ce. Na ambace ta ne don mu tuna abu ɗaya. Tsakanin mai da tartsatsi babu sulhu. Wanda ya ga Dikko da idonsa, bai kamata ya yarda a ƙyasta ashana kusa da tanki ba, ko nasa ko na maƙwabcinsa a tasha.

Dabara ta biyu, shaƙa wa inji fetur. A jiƙa tsumma, a kanga a bakin iska, a murza. Sau da yawa mota takan tashi, shi ya sa aka saba. Amma fetur ba ya jiran lokacin da aka tsara wa gas. Yana fashewa tun fistin bai kai ba. Ƙarar nan da kake ji kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ringi ne ke karɓar dukan. Idan motar mai hitar ɗumama iska ce kuma hitar na da zafi, wutar na iya dawowa ta bakin iska, ta sami hannu da fuskar yaron da ke riƙe da tsumman. Ɗan wani ne fa. Amana aka ba ka shi.

Dabara ta uku, kwana a kan gangara. Direba ya san batirinsa ya mutu, sai ya nemi tudu ya ajiye mota, da safe a cire waigi a sake ta ta gangara, ya saka giya ta tashi. Ku yi tunani. Mota mai ɗauke da lodin siminti ko hatsi tana gangarowa, inji a kashe. Sitiyari ya yi nauyi. Iskar birki ba ta ƙaruwa, wadda ta kwana a tanki ita ke nan. Idan ta kama, an ce direba gwani ne. Idan ba ta kama ba fa? A ƙasan gangarar akwai mai shayi, akwai 'yan makaranta, akwai ɗan acaɓa. Hausawa sun gama magana, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Motar da ta ƙi tashi ta fi motar da ta tashi babu birki.

Daga mota, bari mu koma kan mutum. Domin shi ma direba hunturu na gwada shi.

Dare ya yi, an yi fakin, ɗari na shiga har ƙashi. Sai a ɗauko kurfoti da garwashi a shigar gaban mota, a ɗaga gilasai, a kwanta. 'Yan'uwa, wannan barci ne da ba kowa ke tashi daga gare shi ba. Garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ba ta tashin mai barci, ƙara masa nauyin barcin take yi. Haka wanda ya bar inji na aiki ya kwanta, alhali salansa na yoyo a ƙarƙashin kujera. Wannan gargaɗi har da na cikin gida, masu shiga ɗaki da kaskon wuta su rufe ƙofa da taga. A ji ɗumin a waje, a kashe, sannan a shiga. Bargo biyu da rigar sanyi da safa sun fi garwashi aminci.

A tuna da yaron mota kuma. Oga na ciki a kan katifa, shi yana ƙarƙashin tirela a kan kwali. Bargonsa haƙƙi ne a kan ubangidansa. Kuma kafin a tayar da mota da asuba, a leƙa ƙarƙashi, a kira sunansa, a ji ya amsa. Haka masu hawa saman lodi, a kan buhuna ko a kan katakon motar shanu, daga arewa har kudu. Iskar dare na dukansu, jiki ya sandare, barci ya sace mutum, hannu ya saki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana hana ɗaukar mutane a saman kaya. Ba ƙiyayya ba ce. Kuɗin motar da aka rage bai kai ran mutum ba.

Sai hazo. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, takan yi sanarwa idan ƙura za ta yi kauri. Jirgin sama ma, da duk na'urorinsa, yakan fasa sauka a Kano ko Kaduna saboda hazo. To ina ga mai tirela da fitila ɗaya? A cikin hazo doguwar fitila ba ta taimako, hasken ne ke dawo maka a ido. A sa gajeriya, a rage gudu, a ba da rata. A wanke gilashi, a goge fitilun baya da ƙura ta rufe. Ga kuma hayaƙin masu ƙona daji a bakin hanya, yana haɗuwa da hazo ya zama bango. Idan mota ta lalace, a yi iya ƙoƙari a kawar da ita daga kan kwalta. Ganyen da muke zubawa a titi, da rana ma da ƙyar ake ganinsa, balle da asuba cikin hazo. A sa alama mai ƙyalli, a sa ta da nisa. Idan barci ya zo, a tsaya a yi shi. Ƙwaya ba ta biyan bashin barci, ɗage shi take yi zuwa kan sitiyari.

Na san abin da wani direba ke faɗa a ransa yanzu. Yana cewa, Malam, kana magana kamar motar tawa ce. Ni ɗan aiki ne. Na faɗa wa mai mota batir ya mutu, ya ce in lallaɓa. Kuɗin hanyar da aka ba ni bai isa gas na gidan mai ba. Ga ramuka, ga shingaye, ga mai kaya na ta kira.

Wannan magana gaskiya ce, kuma ban raina ta ba. Shi ya sa zan juya ga iyayen gida, masu motoci. Alhaji, ranka ya daɗe, lallaɓawa ba ta rage kashe kuɗi, jinkirta shi take yi ta ƙara masa nauyi. Kuɗin batir biyu da filta da juyen mai, a auna shi da kuɗin sauke inji. A auna shi da lodin tumatir da ya ruɓe. A auna shi da ran direban da ya yi maka shekaru yana kawo maka amana. Wanda ya ce a bar inji ya kwana yana aiki don gudun ƙin tashi, shi ma ya yi lissafi. Mutumin Saberiya dole ce ta sa shi. Kai kuwa gas kake ƙonawa dare bayan dare don ka guje wa sayen batir sau ɗaya.

Shugabannin ƙungiyoyi, na NARTO da NURTW da direbobin tanka, ku ma kuna da rawar takawa. Kuna da iko a tasha fiye da kowa. Kuna iya hana hura wuta kusa da motoci. Kuna iya tsayawa wa direban da ya ƙi fita da mota marar lafiya, kada a kore shi don ya faɗi gaskiya. Masu sayar da gas, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke zubawa a tankin mutane. Hukuma kuma ta dubi wuraren kwanan manyan motoci a Tafa da Maje da Dikko. Direban da ya samu fili mai tsaro da haske da ruwa, ba zai kwana a kafaɗar titi cikin hazo ba.

Jama'a masu sauraro, mu tattara. Hunturu baƙo ne da ba ya saɓa alkawari. Kowace shekara, da an kawar da amfanin gona, yana tafe. Tun da mun san ranar zuwansa, gyaran mota na watan Oktoba ne, kafin ƙura ta taso. Wanda bai yi ba, yau ma rana ce. A gwada batir. A juye mai. A canza filta. A sha gas a inda aka yarda da shi. A nisanta wuta da tanki, a nisanta garwashi da wurin barci. Domin hunturu ba ya ɓata mota, asirinta yake tonawa. Wanda ya gyara tsakaninsa da motarsa, ba ya fargabar asuba.

Kalmata ta ƙarshe gare ku ce, na gida. Idan kina da miji direba, ko ɗa, ko ƙane yaron mota, ki sa masa bargo a jaka kafin ya fita. Ki ce masa kada ya kwana da garwashi. Idan kana da maƙwabci mai mota, ka isar masa da abin da ka ji yau. Gobe da asuba kuma, in kun jiyo wata mota tana gurnani ta kasa tashi, ku yi wa mai ita addu'ar haƙuri, kada gaggawa ta kai shi ga ashana.

Direbobinmu, Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa ku tarar da iyali lafiya. Allah Ya ba mu wucewar sanyin nan cikin ƙoshin lafiya.